Tarihin Siminti a Ginin Gidajen Ƙasar Hausa

Kafin siminti ya shigo ƙasar Hausa, gida abu ne da ake ginawa da ƙasar da ke kusa da shi, kuma ake ci gaba da kula da shi kowace shekara muddin akwai mai kwana a cikinsa. Magina kan haƙo birji, wato jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, daga kududdufin unguwa, su kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, su bar ta ta tsima na wasu kwanaki, sannan su mulmula tubali da hannu su shanya a rana. Da wannan tubali ake tayar da bango mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama, a yi rufi da azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya saboda gara ba ta cika cin ta ba, a kuma kafa indararo domin ya jefa ruwan sama nesa da gindin bango. Inda ɗaki ya fi ƙarfin tsawon azara sai a ɗaure bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin ƙasa mai azara a cikinsa, wanda shi ne ya ba magina damar yin manyan soraye na fada da na masallatai. Masu hali kan shafe bangonsu da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, su kuma rufe saman soro da laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, wanda ba ya barin ruwa ya ratsa.

Abin da ya fi muhimmanci a wannan tsari shi ne cewa aibin ginin ƙasa a fili yake. Idan damina ta zaizaye bango kowa yana gani, idan soro ya fara yoyo mai gida ya san inda zai taka ya daddaɓe, kuma yaɓe kafin faɗuwar ruwa aiki ne da iyali da maƙwabta suka san lokacinsa kamar yadda suka san lokacin sharar gona. Sana'ar kuma tana da shugabanci, domin a manyan birane akwai Sarkin Magina wanda ayyukan fada ke hannunsa, kuma gidajen magina sanannu ne, ɗa yana gadon uba, ta yadda wanda gininsa ya faɗi ba shi da wurin ɓuya. Sunan Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu a ƙarni na 19, ya wanzu ne saboda aikin gini a lokacin aiki ne da ake danganta shi ga mutum sananne.

Shi siminti na zamani, wanda ake kira Portland, wani birkila ne mutumin Leeds ta Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirarsa a 1824. Ana yin sa ne ta hanyar niƙa dutsen farar ƙasa tare da yumɓu, a ƙona su a cikin dogon murhu mai juyawa a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450 na ma'aunin Salsiyos har su dunƙule su zama kilinka, sannan a sake niƙa kilinkar da ɗan jibsam, wanda aikinsa shi ne hana siminti kamawa da gaggawa. Kankare kuwa shi ne haɗin siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Akwai wani abu game da shi da ya saɓa wa duk abin da maginin ƙasa ya sani, kuma rashin fahimtarsa shi ne tushen yawancin matsalolin da suka biyo baya: tubali yana ƙarfi ne idan ya bushe, amma siminti yana ƙarfi ne idan ya daɗe a jiƙe, domin ruwan da aka kwaɓa shi da shi yana haɗuwa da sinadaran cikinsa ya zama wani ɓangare na dutsen da ke samuwa. Saboda haka ne injiniyoyi ke auna ƙarfin kankare bayan kwana 28, suke kuma neman a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda bayan an zuba shi.

Turawan mulkin mallaka ba su zo da siminti mai yawa ba a farkon zuwansu, domin ɗauko shi daga bakin teku kafin a shimfiɗa dogo abu ne mai tsada ƙwarai, kuma da ƙasa aka gina musu gidaje da makarantu na farko, irin su Gidan Ɗan Hausa a Kano da Kwalejin Katsina. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ce ta sauya lissafi, domin taragon da ke sauka da gyaɗa da fatu zuwa Legas shi ne ke hawowa da siminti da kwanon rufi. Da farko a gine-ginen gwamnati da kantunan kamfanonin Turawa da na Kwarori da unguwannin Sabon Gari aka fi ganin su, yayin da cikin birni ya ci gaba da ginin ƙasa. Lokacin da aka sake gina babban masallacin Kano da siminti a farkon shekarun 1950, a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sabon kayan ginin ya samu wata daraja a idon jama'a wadda kantunan Kwarori ba za su iya ba shi ba.

Hanyar da siminti ya bi ya shiga gidan talaka da na ɗan kasuwa ba ta rushe tsohon gini ba ce. Ta shafe shi ce. Mai gida kan sayi buhu kaɗan ya yi daɓen ɗaki, ya gyara bakin rijiya da makwarara, sannan ya sa a yi wa fuskar zaure filasta, wato shafen siminti da yashi. A Zariya da Kano da Damagaram masu zanen bango sun karɓi wannan sabon abu da hannu biyu, suka riƙa fitar da dagi da sauran zane-zane a kansa, har da siffofin keke da mota, suna kuma ƙara fenti. Alkawarin da filasta ta yi wa mai gida shi ne hutu daga yaɓen shekara-shekara, kuma a shekarun farko ta cika alkawarin.

Sai dai ƙasa da siminti ba sa zaman lafiya a jikin bango ɗaya, kuma dalilin ya cancanci a tsaya a kansa, domin har yau shi ne kuskuren da aka fi yi wajen gyaran tsofaffin gidaje. Bangon ƙasa yana shan laima daga ƙarƙashinsa da kuma daga ruwan sama, amma yana fitar da ita ta jikinsa idan rana ta fito, kuma yana ɗan kumbura yana motsewa gwargwadon damina da rani. Filasta ba ta motsawa tare da shi, saboda haka takan yi ƙananan tsaga waɗanda ruwa ke shiga ta cikinsu, alhali sauran jikinta ya toshe hanyar da ruwan zai fita. Laimar sai ta taru a bayan shafen, ta narkar da ƙasar a hankali, ta ba gara wurin zama, har a samu rata tsakanin bango da filasta wadda ba a gane ta sai an ƙwanƙwasa an ji ƙarar fanko. Daɓen siminti a tsakar gida yana ƙara tsananta lamarin, domin danshin da da yake fita ta filin tsakar gida ba shi da mafita sai gindin bango, inda gishirin ƙasa ke biyo shi yana cinye ginin daga ƙasa. Bangon da aka yi wa haka yana kama da ƙwaryar da ƙwari suka cinye cikinta, kuma yakan zube ne gaba ɗaya a cikin watan Agusta, sau da yawa da dare, ba tare da gargaɗin da zaizayewar ginin ƙasa ke bayarwa ba. Masu adana kayan tarihi sun daɗe da daina yarda da shafa siminti a kan ginin ƙasa, amma dillalan gidaje ba su daina son sa ba, tun da babu abin da ke ɗaga kuɗin tsohon gida da arha kamar filasta da fenti.

Nijeriya ta fara yin nata siminti a masana'antar Nkalagu da ke gabas a 1957, sai ta Ewekoro kusa da Abekuta a 1960. A arewa, gwamnatin jihar Arewa ta kafa kamfanin siminti a 1962, masana'antarsa da ke Kalambaina kusa da Sakkwato ta fara aiki a 1967, kuma a shekarun nan ne ma Nijar ta kafa tata a Malbaza ta yankin Tawa, dukkansu biyu suna cin dutsen farar ƙasa na kwarin da ya ratsa iyakar ƙasashen. Ashaka, wadda yanzu take jihar Gombe, ta biyo baya a 1979, ta Gboko a jihar Binuwai kuma a 1980.

Kafin waɗannan na ƙarshe su fara aiki, ƙasar ta riga ta shiga abin da tarihi ya riƙe da sunan tarin jiragen siminti. Da farashin man fetur ya tashi a ƙarshen 1973, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ɗauri aniyar gina barikoki da hanyoyi da gidaje a lokaci guda, ma'aikatunta kuma suka ba da odar siminti da ya kai kimanin tan miliyan 20, mafi yawansa ta hannun Ma'aikatar Tsaro, alhali tashar jiragen ruwan Legas ba ta iya sauke fiye da ɗan ƙaramin kaso na wannan a shekara. A 1975 jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar, wasu na watanni, ana biyan masu su kuɗin jira kullum, simintin kuma yana shan danshin teku yana daskarewa a cikinsu. Gwamnatin Murtala Muhammed, wadda ta karɓi mulki a watan Yulin wannan shekara, ta dakatar da odar ta kuma kafa kwamitin bincike, shari'o'in da suka biyo baya kuwa sun kai kotunan Turai da Amurka, ciki har da ƙarar da kamfanin Trendtex ya shigar da Babban Bankin Nijeriya a Ingila, wadda aka yanke hukuncinta a 1977. A ƙasa kuwa, kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji sun sa ma'aikaci da ɗan kwangila sun fara ganin ginin ƙasa a matsayin alamar rashi, kuma hatta masallacin Babban Gwani na Zariya a cikin wannan zamani aka lulluɓe shi da sabon gini na kankare.

A nan ne gida ya koma jari. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya filayen kowace jiha a hannun gwamna, ta kuma mayar da takardar shaidar mallaka abin da banki ke karɓa a matsayin jingina, hukumomin tsara birane kuma ba su cika amincewa da zanen gini ba sai na bulo da kankare. Da darajar naira ta fara faɗuwa bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, fuloti da gidan haya suka zama ma'ajiyar da ta fi banki aminci, musamman ga 'yan kasuwa da yawa da ke gudun kuɗin ruwa saboda addini. Rabon gado ya taka tasa rawar, domin babban gidan iyali da ba ya rabuwa yakan ƙare ne a hannun mai saye, wanda zai fasa zaure ya fitar da shaguna, ko ya rushe gaba ɗaya ya tayar da bene. Sauyin da wannan ya kawo ya wuce na kayan gini: a da mai gini shi ne mai kwana a cikin ginin, yanzu kuwa sau da yawa mai ginawa daban, mai saye daban, ɗan haya daban, kuma wanda ya rage siminti ba shi ne zai ga sakamakon ragewar ba.

Ragewar tana farawa ne daga wurin buga bulo. Buhun siminti mai kilo 50 yana da iyakar adadin bulo mai inci tara ko inci shida da zai iya fitarwa da ƙarfi, amma tun da mai saye yana tambayar farashi ne ba ƙarfi ba, mai bugawa yana da dalilin ƙara yashi ya ƙara adadi, kuma idan yashin na gefen hanya ne mai laka a ciki, simintin da ke ciki ma ba zai kama yadda ya kamata ba. Daga nan sai batun ruwa. A unguwannin da ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, ba bulo ruwa na mako guda kuɗi ne da ake ganin asara ce, ga kuma tsohon tunanin da aka gada daga tubali cewa rana ita ce ke ƙarfafa gini. Lokacin da aka fi yin gini kuwa, wato hunturu da bazara, shi ne mafi muni ga siminti, domin busasshiyar iska da zafin rana suna zuƙe ruwan kafin ya gama aikinsa, shi ya sa ake samun bulo mai marmashewa a hannu da filasta mai tsattsagewa tun kafin a yi fenti. Wajen zuba kankare kuma leburori kan ƙara ruwa domin kwaɓin ya yi laushi ya yi saurin zuba, alhali ruwan da ya wuce ƙima yana barin ƙananan ramuka a cikin kankaren idan ya ƙafe, kuma ma'aunin da aka sani na kwano ɗaya na siminti da biyu na yashi da huɗu na tsakuwa yakan canza da zarar mai aikin ya juya baya.

Matsalar rodi ta fi wannan ɓoyuwa. Kankare yana jure dannawa amma ba ya jure ja, saboda haka ake sa masa ƙarfe a cikin linta da ginshiƙi da dakin, wato rufin kankare da ake ɗora bene a kansa. Simintin da ke kewaye da rodi shi ne ke kare shi daga tsatsa, muddin yana da kauri kuma ba shi da ramuka, amma inda aka shimfiɗa rodi a kan katako ba tare da an ɗaga shi ba, ko aka yi kwaɓi mai ruwa da yawa, iska da danshi sukan kai gare shi bayan wasu shekaru. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma, saboda haka takan tura kankaren daga ciki har ya fashe ya faɗo, kuma shafe wurin da sabuwar filasta ba ya dakatar da ita. Ga kuma al'adar barin rodi a tsaye a saman gini da niyyar ƙara hawa in an samu hali, wadda ke sa a ɗora bene na biyu ko na uku a kan harsashin da ba a haƙa shi domin wannan nauyi ba, wani lokaci bayan ginin ya canza hannu kuma babu wanda ya san zurfin abin da ke ƙasa. A tsofaffin birane kamar Kano an cike kududdufai da yawa da shara an yanka su fuloti, ramukan da aka haƙi ƙasar ginin birnin daga cikinsu kuma suke tare masa ruwan sama, kuma ƙasar ciko tana ci gaba da zama a hankali a ƙarƙashin nauyin gini, abin da ke fitowa a matsayin tsaga mai karkata daga kusurwar taga. A sassan Borno da Adamawa baƙar laka mai kumbura da damina tana yin irin wannan ɓarna ta wata hanyar.

Ta fuskar samar da simintin kansa, masana'antun gwamnati sun durƙushe a shekarun 1990 har ƙasar ta koma dogaro da na waje, kafin gwamnatin Obasanjo ta sayar da su ga 'yan kasuwa, ta kuma fito da tsari a 2002 wanda ya taƙaita lasisin shigo da siminti ga waɗanda suka zuba jari wajen yin sa a gida. Daga wannan tsari ne masana'antar Obajana ta jihar Kogi ta fito, kuma manyan waɗanda suka ci moriyarsa, Aliko Dangote da Abdussamad Rabi'u na kamfanin BUA, wanda ya mallaki masana'antar Sakkwato, dukkansu 'yan Kano ne daga gidajen fatauci. Nijeriya ta wadatu da siminti har tana fitarwa zuwa maƙwabta, amma wadatar ba ta zama arha ba, domin a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama. A 2014 hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa ta yi ƙoƙarin taƙaita siminti mai lamba 32.5 ga aikin filasta, ta ware mai lamba 42.5 domin bulo da kankare, lambobin kuwa suna nuna ƙarfin da simintin ke kaiwa bayan kwana 28. An yi ta muhawara tsakanin kamfanoni a kan wannan, kuma injiniyoyi da dama sun nuna cewa lambar da ke jikin buhu ba ta ceton ginin da aka rage wa siminti ko aka hana ruwa, wanda shi ne ra'ayin da ya fi dacewa da abin da ake gani a wuraren aiki. Tsadar simintin kuma ta haifar da ginin da ake yi a hankali cikin shekaru, inda harsashi da rodi ke shan damina bayan damina a buɗe kafin a yi rufi.

Ginin ƙasa bai mutu ba inda aka ci gaba da riƙe ƙa'idarsa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon kimanin mita 27, tana tsaye ne saboda ana sabunta yaɓenta da ƙasa, kuma hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, yayin da masallacin Yama na yankin Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Amma waɗannan gine-ginen jama'a ne masu al'ummar da ke kula da su, ba kayan kasuwa ba. A kasuwar gidaje, hukumar da ta maye gurbin Sarkin Magina ita ce takarda: majalisar rajistar injiniyoyi da aka kafa a 1970, da ta magina, da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, da hukumomin tsara birane na jihohi. Ikon waɗannan ya fi tasiri a manyan ayyuka, yayin da mafi yawan gidajen zama da shaguna birkila ne ke gina su bisa yarjejeniyar baki da mai gida, ba tare da zane ko gwajin ƙasa ko rubutaccen bayanin abin da aka zuba ba. Gidajen da aka gina da kuɗin mai a shekarun 1970 da farkon 1980 sun haura shekara arba'in, tsawon lokacin da ya isa tsatsar rodi ta bayyana a kankaren da ba a yi da kyau ba, kuma shi ne lokacin da waɗanda suka gina su ke rasuwa, magada kuma ke fitar da su kasuwa bayan an sake musu fenti.